Tarihin awon ƙasa a Jazira da Shuɗin Nilu

A zamanin daular Sannar (1504–1821), igiya da shaidu ne ke raba gona da gona a Jazira, filin da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu. Takardun kyautar ƙasa da sarakuna ke bai wa malamai kan ambaci iyaka da itace ko rafi ko gonar wane. Taswirorin matafiya irin su James Bruce, wanda ya ratsa Sannar a 1772, kogi da garuruwan bakin hanya kawai suka nuna.

Awo na sosai ya zo da mulkin haɗin gwiwar Ingila da Masar a 1899, sannan aka ɗora wa Kanar Talbot aikin safiyon Sudan. Daga wajen 1906 ma'auna suka shiga Jazira, suka yanka ta murabba'i-murabba'i bisa layukan taswira, kowane ɗaya kusan faddan 800, suna kafa alamar ƙarfe a kusurwoyi. Bayansu jami'in rajista ke tafe, yana zama ƙauye-ƙauye yana sauraron masu da'awar gona, ya rubuta suna da faɗin fili. Rahoton Peacock na 1913 kan yankin Masallamiyya shi ne abin dogaro game da wannan aiki.

A daidai waɗannan shekaru ne mutanen hijira, waɗanda suka baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, suke sauka a yankin, har jagoransu Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa garinsa kusa da Sannar. Rajista ta masu tsohuwar da'awa ce, baƙo kuwa bai da ita. Da aka gama madatsar Sannar a 1925, gwamnati ta karɓi hayar filayen a kan ƙurushi 10 kowane faddan, aka sake yanka su hawasha-hawasha mai faddan 30, aka fara ba masu suna a rajista. Hausawa da yawa sun shigo a matsayin masu cirar auduga, suka zauna a kambo, unguwannin leburori na gefen magudanan ruwa da ba a ƙidaya su cikin ƙauyuka ba. Wasunsu sun sami hawasha a shekarun 1930, da farashin auduga ya faɗi masu ita suka watsar.

An faɗaɗa wannan aikin noman auduga zuwa yankin Manaƙil daga 1957. Dokar 1970 kuma ta mayar da duk filin da ba shi da rajista mallakar gwamnati.