Farfiriyus Mutumin Taya da Littafin da Aka Ƙone Sau Biyu

A shekarar 448 ta Miladiyya sarakunan Rum biyu, Tiyodosiyus na Biyu da Balantiniyan na Uku, suka ba da doka cewa a nemo duk abin da Farfiriyus ya rubuta na sukar addinin Kirista, a jefa a wuta. Ba wannan ne karo na farko ba, domin Sarki Kustantin ya riga ya ba da irin wannan umarni fiye da shekara 100 kafin nan. Littafin da sai da aka sake yi masa doka bayan ƙarni guda, lalle akwai masu ɓoye shi suna karantawa, akwai kuma abin da ake tsoro a cikinsa. A karo na biyu dai wuta ta yi aikinta. Ba a sami ko kwafi ɗaya na littafin ba har yau, abin da ya rage sai guntaye da suka maƙale cikin rubuce-rubucen malaman da suka yi masa raddi.

An haifi Farfiriyus wajen shekarar 234 a birnin Taya, a gaɓar tekun ƙasar da ake kira Labanan a yanzu. Sunansa na yanka Malkus, watau sarki. Malaminsa na birnin Atina, Lonjinus, shi ya juya sunan zuwa Girkanci ya kira shi Farfiriyus, daga launin shunayya na tufafin sarakuna. A wurin wannan malami ya koyi nahawu da tantance nassi, watau yadda ake gane ko littafi na wanda aka jingina wa ne ko kuwa ƙage ne. A shekarar 263 ya tafi birnin Rum ya zauna gaban Aflutin, babban malamin falsafar wannan zamani, kusan shekara 6. Shi ne daga baya ya tattara rubuce-rubucen malamin nasa guda 54 ya tsara su kashi 6, tara-tara. Tun yana makarantar Aflutin ya nuna inda ƙarfinsa yake. Wasu mutane sun zo da wani littafi suna cewa na Zaradusht ne, tsohon malamin Farisawa, sai Farfiriyus ya zauna ya fito da hujjoji cewa littafin sabon rubutu ne aka lanƙaya masa tsohon suna. Da wannan makami ya fuskanci Littafi Mai Tsarki.

Littafin nasa na sukar Kiristoci juzu'i 15 ne. Masana sun saɓa a kan lokacin da ya rubuta shi: wasu sun ce wajen 270 yana tsibirin Sisiliya, wasu sun ce kusa da 300, dab da babban tsanani da Sarki Diyokilishiyan ya buɗe wa Kiristoci a 303. Wannan saɓani ba ƙarami ba ne, domin in magana ta biyu ce daidai, to littafin ya zama guzurin masu mulki wajen kama mutane da rushe majami'u. Kafin shi an yi wani mai suna Kelsus wanda ya soki Kiristoci wajen 178, amma Kelsus daga nesa ya tsaya yana jifa. Farfiriyus kuwa ya shiga cikin littattafan nasu ya karanta su layi-layi, ya gwama wannan da wancan.

Wasu daga cikin abubuwan da ya kama ƙanana ne. Alal misali, a farkon Bisharar Markus an kawo wata magana an ce ta Annabi Ishaya ce, alhali kashin farko nata daga littafin Malakai yake. Haka kuma ya ce marubutan Bishara suna kiran ruwan Galili teku, shi kuwa tafki ne, don kawai a kambama mu'ujizar tafiya a kan ruwa. Jerom, wanda ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Latin, ya amsa wannan da cewa a Ibrananci kowane babban taron ruwa teku ake ce masa, kuma amsar ta zauna. Amma manufar Farfiriyus ba ta tsaya ga tafki da teku ba. So yake ya nuna cewa mutanen da suka rubuta waɗannan littattafai suna kuskure kamar kowane marubuci, saboda haka a auna su da ma'aunin da ake auna kowa.

Inda ya fi taɓa wuri mai ciwo shi ne batun Bitrus da Bulus. A babi na 2 na wasiƙarsa zuwa ga Galatiyawa, Bulus ya ba da labarin yadda Bitrus yake cin abinci tare da waɗanda ba Yahudawa ba a Antakiya, amma da wasu suka zo daga Urushalima sai ya janye jiki, shi kuwa Bulus ya tsawata masa a gaban jama'a. Farfiriyus ya ce to ga shugabannin addinin nan biyu ba su daidaita ba a kan tushen al'amari: ko dai Bitrus ya ɓata, ko kuwa Bulus ya yi rashin kunya, kowanne aka ɗauka an yi asara. Jerom ya nemi mafita, ya bi ra'ayin wasu malaman gabas cewa faɗan shiri ne, manzannin biyu sun ƙulla shi ne tsakaninsu don su koya wa jama'a darasi. Da wannan fassara ta kai ga Agustin a Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya ta yau, hankalinsa ya tashi. Wajen 395 ya rubuta wa Jerom a Baitalami cewa in har aka yarda akwai ƙarya ɗaya a cikin Nassi, ko da ta maslaha ce, to babu ayar da za ta tsira, domin duk wanda wata aya ta yi wa nauyi sai ya ce ita ma maslaha ce. Wasiƙar farko ba ta isa ba, ta biyu kuwa ta yi ta yawo a hannun mutane a Italiya kafin mai ita ya gan ta, abin da ya fusata Jerom ƙwarai, shi da ma ba mai sanyin hali ba ne. Suka shafe kimanin shekara 10 suna musayar wasiƙu. Ra'ayin Agustin ne ya rinjaya a ikkilisiyar yamma: Bitrus ya yi kuskure da gaske, ya kuma karɓi gyara daga na bayansa. Watau wajen shekara 100 bayan mutuwar Farfiriyus, tambayarsa ce ta sa manyan malaman Kirista biyu suka zauna suka yanke abin da ake nufi in an ce Nassi gaskiya ne.

Sa'an nan akwai batun tawili. Malaman Iskandariya, musamman Orijin, sun saba in zahirin aya a Attaura ya yi musu wuya, sai su ce akwai ma'ana ta baɗini a ƙarƙashinsa. Farfiriyus ya ce ya ga Orijin da idonsa yana saurayi, ya kuma yaba iliminsa, amma ya zarge shi da cewa a wurin Girkawa ya koyi wannan dabara, ya kwashe ta ya ɗora wa littattafan Yahudawa, ya mai da maganar da Musa ya faɗa a fili ta zama kacici-kacici. A cikin takardun da aka tono a Tura, kusa da Alƙahira, a 1941, an sami sharhin Didimus Makaho inda ya ambaci yadda Farfiriyus ya yi ba'a da cewa da irin wannan tawili ana iya mai da jaruman Homa biyu, Akilis da Hekta, su zama Almasihu da Shaiɗan. Sai dai a nan mai laya ya kamata ya kiyayi mai zamani, domin shi kansa Farfiriyus ya rubuta littafi sukutum yana yi wa 'yan baitocin Homa a kan wani kogo tawili, yana cewa kogon duniya ne, ƙofofinsa biyu kuwa hanyar saukar rayuka da hawansu. Abin da ya halatta wa Homa ya haramta wa Musa, kuma a guntayen da suka rage babu wani dalili mai gamsarwa na wannan bambanci.

Juzu'i na 12 shi ne a kan littafin Daniyel, kuma shi ne aikinsa da ya fi daɗewa. Littafin Daniyel yana gabatar da kansa a matsayin wahayin wani Bayahude da aka kai bauta Babila a ƙarni na 6 kafin haihuwar Almasihu. A babi na 11 an jero yaƙe-yaƙe da auratayya tsakanin sarkin arewa da sarkin kudu dalla-dalla, kuma duk wanda ya san tarihi zai gane sarakunan Siriya da na Masar ne da suka gaji Iskandar Mai Girma. Kiristoci suna kafa hujja da wannan cewa ga annabci ya cika. Farfiriyus ya ɗauko littattafan tarihin Girkawa ya bi babin aya-aya, ya ce wannan ba duban gaba ba ne, waiwaye ne. A ganinsa wani mutum ne a ƙasar Yahudiya ya rubuta littafin a zamanin Antiyokus na Huɗu, wanda ya yi sarauta daga 175 zuwa 164 kafin Almasihu, wanda kuma ya ƙazantar da Haikalin Urushalima a 167. Marubucin ya zuba abin da ya riga ya faru cikin sigar annabci don ya ƙarfafa zukatan mutanensa da ke cikin tsanani.

Jerom ya rubuta sharhinsa na Daniyel a 407, kuma ta wurinsa aka san yawancin wannan hujja. Abin lura shi ne, a kashin farko na babin bai yi jayayya da Farfiriyus a kan ko wane sarki ake nufi ba, har ma ya amfana da binciken abokin hamayyar tasa. Inda suka rabu shi ne, Jerom ya ce dacewar nan da tarihi ita ce shaidar annabci, kuma ayoyin ƙarshe suna nufin Magabcin Almasihu da zai zo a ƙarshen zamani. A nan gardamar ta wuce ta tarihi, ta koma ta ko mutum ya yarda ana iya sanin gaibu ta hanyar wahayi. Farfiriyus ba ya musun wannan, don shi kansa ya tattara littafi na maganganun da ake cewa gumakan Girkawa sun faɗa ta bakin bokayensu. Ƙaryata Daniyel ya yi, ba annabci ba.

Bai kuma tsira daga kuskure ba. Daga aya ta 40 zuwa ta 45 an ambaci wani yaƙi na ƙarshe da Masar, da mutuwar sarkin tsakanin teku da tsattsarkan dutse. Farfiriyus ya ɗauka wannan ma ya faru. Masana na baya suka gano ba a yi wannan yaƙi ba, Antiyokus kuwa a Farisa ya mutu a ƙarshen 164. Wannan ya ba su iyaka mafi kaifi fiye da wadda ya samu: labarin ya dace da tarihi har zuwa wajen 165, daga nan ya rabu da shi. Wani Bature ɗan Ingila, Antoni Kolins, ya farfaɗo da hujjar a 1727, kuma tun ƙarni na 19 yawancin masu nazarin Littafi Mai Tsarki a jami'o'i, har da Kiristoci da Yahudawa masu riƙe da addininsu, suna sa kammala littafin a wannan lokaci. Suna ƙarawa da cewa Ben Sira, wanda ya jero manyan mutanen Isra'ila wajen 180 kafin Almasihu, bai ambaci Daniyel ba. Akwai malamai da ikkilisiyoyi masu yawa da ke riƙe da ƙarni na 6, suna kafa hujja da kwafe-kwafen Daniyel guda 8 da aka samu a kogunan Kumran, cewa da wuya sabon littafi ya sami irin wannan karɓuwa da wuri haka.

Wata tambayar da ake jingina masa ta isa ga Agustin wajen 408 ta hannun wani limamin Kartaj: in Almasihu ne kaɗai hanyar tsira, me ya sa ya makara, kuma ina makomar al'ummomin da suka shuɗe kafin zuwansa? Agustin ya amsa cewa tsira ta wurin Almasihu ba ta taɓa yankewa ga wanda ya cancanta ba tun farkon duniya, ko da sunaye da alamu sun sauya. Shi Agustin ɗin bai raina Farfiriyus ba, yana lissafa shi cikin mafi ilimin masana falsafa, ya kuma ruwaito cewa Farfiriyus yana ganin Yesu mutum ne mai tsoron Allah ƙwarai, mabiyansa ne suka yi kuskure da suka bauta masa.

Malamai da dama sun yi masa raddi: Metodiyus, da Yusibiyus na Kaisariya cikin juzu'i 25, da Afolinariyus na Lawudikiya cikin juzu'i 30. Dukansu sun ɓace. A 1916 Adolf Harnak na Jamus ya tattara guntaye 97 ya buga, amma kusan rabinsu daga littafin wani Makariyus ne wanda bai ambaci sunan abokin gardamarsa ba, don haka masana na baya suka rage adadin ƙwarai. Duk wanda zai yi hukunci a kan Farfiriyus sai ya tuna cewa ta bakin abokan gabansa yake jin maganarsa.

Wani ƙaramin littafinsa kuwa babu wanda ya ƙone. Shi ne gabatarwar da ya yi wa ilimin manɗiƙi na Aristo, mai suna Isagoge, inda ya bayyana jinsi da nau'i da fasali da hassa da arali. Boyitiyus ya juya shi zuwa Latin a farkon ƙarni na 6, makarantun Kirista na Turai suka yi ƙarnuka suna fara karatun manɗiƙi da shi. An fassara shi zuwa Suriyananci da Larabci, Larabawa suka kira shi Isaguji. Al-Abhari ya ari sunan ya sa wa nasa taƙaitaccen littafi a ƙarni na 13, wanda Abdurrahman al-Akhdari na Aljeriya ya bi sawunsa ya waƙe a ƙarni na 16 cikin Sullam. Shi ne Ahalarin nan da almajirai a ƙasar Hausa suke fara karatun fiƙihu da littafinsa.