Makon Shalkwabta

Na shiga aikin kundin digirina da girman kai irin na ɗalibar tarihi wadda ta karanta littattafai huɗu ta ɗauka ta gama sanin duniya. Batun da na zaɓa shi ne zaɓen tarayya na ranar Asabar, 12 ga Disamba, 1959, wanda ya tantance mutanen da za su karɓi mulkin Nijeriya daga hannun Turawan Ingila. Alƙaluman duk na haddace su. Kujeru 312 aka yi takara a kansu, 174 daga ciki a Jihar Arewa, kuma wannan ne karo na farko da aka yi zaɓen tarayya kai tsaye a ko'ina cikin Arewa ta ƙuri'ar sirri, ko da yake maza kaɗai aka yarje wa. Malamin da ke duba aikina ya karanta babina na farko, ya ce ya ga lissafi amma bai ji muryar kowa ba, in je in nemo wanda ya tsaya a layi ran nan. Sai na tuna ina da shi a gida: kakana na wajen uba, tsohon tela, wanda a lokacin zaɓen yake saurayi sabon ango a wani garin kasuwa na ƙasar Kano da jirgin ƙasa ke ratsawa.

Na same shi a zaure bayan la'asar, na kunna wayata don ɗaukar magana, na tambaye shi manufofin jam'iyyu. Ya dube ni ya yi dariya. "Amarya, manufa kuma? Wannan ai sai ku 'yan boko. Mu abin da muka sani shi ne abin da aka ce an ce." Daga nan ya shafe kusan awa biyu yana ba ni labarin maganganun da aka riƙa yi a mako na ƙarshe, a rumfarsa ta ɗinki, da teburin mai shayi, da bakin ma'aunin gyaɗa. Na dawo gida raina a ɓace, ina ganin na ɓata yini wajen tattara ƙanzon kurege. Sai da na saurari maganar karo na uku na lura cewa duk jita-jitar da ya lissafa abu guda take zagayawa, wato ido: wa yake ganin wa, kuma ko talaka zai iya yin abu ba a gan shi ba.

Kafin in shiga maganganun, ya kamata a san filin da aka yi su. Jam'iyyar Mutanen Arewa, NPC, ita ke riƙe da gwamnatin jiha a Kaduna ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello, kuma mataimakinsa a jam'iyya, Abubakar Tafawa Ɓalewa, shi ne Firayim Minista a Ikko tun 1957. Alamarta fartanya, kirarinta Salama, ƙarfinta kuwa yana cikin En'e: sarki, hakimi, dagaci, mai unguwa, 'yan doka da kotun alƙali. NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, Malam Aminu Kano ke jagorantarta, alamarta tauraro, kirarinta Sawaba, kuma teloli da mahauta da 'yan koli da ƙananan malamai su ne ƙashin bayanta. Tana ƙawance da NCNC ta Azikiwe mai alamar zakara. Ta ukun ita ce baƙuwa, Action Group ta Awolowo mai bishiyar kwakwa, wadda ta shigo Arewa da kuɗi da motoci da lauyoyi, ta ƙulla ƙawance da su Joseph Tarka, tana alkawarin ilimi kyauta da ƙirƙiro sababbin jihohi. Ba a yin lacca sai da izinin En'e, kuma wanda ke ba da izinin sau da yawa shi ne wanda za a soka a laccar. A irin wannan wuri, maganar da aka hana ta hawa dandamali takan gangara zaure.

Maganar da ta fi kowace cika gari ita ce ta jirgin Awolowo mai saukar ungulu, wanda kakana har yau yake kira shalkwabta. Jirgin kam gaskiya ne. Awolowo ya yi yawon neman ƙuri'a da shi, an watso takardu daga sama, har an yi rubutu da hayaƙi a sararin samaniya. Wannan ya tilasta wa manyan NPC, har da Sardauna da kansa, shiga ƙauyuka cikin ƙurar hunturu suna roƙon mutanen da a da umarni kawai ake aika musu. Amma shalkwabtar da ta iso rumfar kakana ta wuce ta Awolowo nesa. 'Yan fartanya suka ce jirgin yana tsayawa cak a kan gidaje, mutanen ciki suna leƙen matan kulle suna ɗaukar hotonsu, wanda duk ya jefa wa kwakwa ƙuri'a ya yarda ke nan a kware wa gidansa rufi. Wasu suka ce takardun da yake zubarwa an yi musu asiri, wanda ya ɗauka hannunsa ba zai iya kaiwa ga akwatin fartanya ba, saboda haka aka riƙa dukan yara a kan tsintar su. 'Yan tauraro ba su da dalilin son Awolowo, domin ƙuri'ar 'yan hamayya ya zo raba musu, amma sun ji daɗin abin ta wata fuska. Kakana ya ce a rumfarsa ana cewa yau ga abin da ya fi rawani tsawo, ga wanda yake kallon gidan hakimi daga sama kamar yadda hakimi yake kallon talaka daga kan doki.

Na daɗe ina tunanin wannan magana. Gidan Bahaushe na wancan zamani an gina shi ne a kan tsarin gani: baƙo iyakarsa zaure, na kusa ya kai shigifa, cikin gida kuwa sai muharrami. Mulki ma haka yake, na sama yana ganin na ƙasa ta idon mai unguwa, na ƙasa ba ya ganin abin da ake ƙullawa a fada. Sai ga wani abu da ya zo ta inda ba a yi katanga ba. Ɓangarorin biyu ƙarya suka yi a kan jirgin, ina da yaƙinin haka, amma kowannensu ya gane daidai abin da jirgin ya taɓa.

Magana ta biyu a kan rumfar zaɓe take. Tsarin ran nan shi ne a ba mutum takarda, ya shiga wani wuri da aka kange shi kaɗai, ya tarar da akwatuna, kowane ɗan takara da nasa ɗauke da alamar jam'iyyarsa, ya jefa a wanda yake so. Aka ce an kafa madubi a rufin rumfar. Aka ce akwatin tauraro yana ƙara in takarda ta faɗa, ɗan doka na waje yana ji. Kakana ya rantse mini cewa akwai dattijon da ya yi niyyar shiga da tsumma don ya toshe ƙarar. Na yi dariya da farko, daga baya na daina, da na tuna cewa mutanen nan ba su taɓa yin wata hulɗa da hukuma a ɓoye ba. Haraji a bainar jama'a ake biya, jangali a gaban kowa ake ƙirga shanu. Wanda aka ce masa yau kaɗai ba mai ganinsa, in ya yi shakka bai yi wauta ba.

Ta ukun ita ce ta shigo gidanmu, kuma a nan muryar kakana ta sauya. Yana da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda yake malamin haraji a wajen dagaci, saboda haka ɗan fartanya ne ko yana so ko ba ya so. Kwana huɗu kafin zaɓe magana ta bazu cewa an rubuta sunayen 'yan Sawaba na garin, za a kama su da zarar an gama ƙirga ƙuri'a, kuma an ga Yaya da daddare ya shiga zauren dagaci da takarda a hannu, sunan ƙanensa ne na farko a ciki. Kakana bai tambaye shi ba. Washegari da suka haɗu a ƙofar masallaci, Yaya ya miƙo hannu, shi kuwa ya ce, "Yaya, hannun da ya rubuta ni ba zan kama shi ba." A gaban mutane ya faɗa. Ba a kama kowa ba bayan zaɓe, amma aka ja katangar zana a tsakiyar gidan gado, 'ya'yansu suka tashi suna zagayawa ta waje in za su gaisa.

Da na tambaye shi wa ya fara kawo masa labarin takardar, sai ya ce ya manta. Kakata ce, da na shiga cikin gida, ta kira ni ɗakinta. "Kishiya, zo ki kashe abin nan naki tukuna." Na kashe, daga baya ta yarda in rubuta. Ta ce littattafanmu sun ce mata ba su yi zaɓe ba a 1959, kuma gaskiya ne, amma wa ya ce ba su yi siyasa ba? Suna cikin kulle sun san sunan Gambo Sawaba ta Zariya, wadda aka ɗaure sau da dama a kan neman 'yancin mata, wasu suna tsine mata, wasu suna yi mata addu'a a ɓoye. Jaridarsu kuwa 'yan talla ne. Yarinya mai ƙosai takan shiga gida goma kafin hantsi, ta fito da labari goma, ta haɗa su a hanya su zama ɗaya. Irin wannan yarinya ce ta ce mata an ga Yaya da takarda. Ita kuma, amarya 'yar shekara goma sha shida mai tsoron a ɗaure mata miji, ta ƙara da cewa sunansa ne na farko, don ya ji tsoro ya bar kwana a rumfa. "Ni na sa wannan," in ji ta. "Yarinyar ba ta ce haka ba."

Sai bayan shekaru facalarta, matar Yaya, ta gaya mata abin da takardar ta ƙunsa. Jerin waɗanda ba su gama biyan haraji ba ne, kuma bashin haraji shi ne hanya mafi sauƙi ta tsare ɗan hamayya a makon zaɓe ba tare da an ambaci siyasa ba. Sunan kakana yana ciki da gaske. Yaya ya je da daddare ne ya biya masa daga aljihunsa, aka soke sunan, ya kuma hana matarsa faɗa, domin in dagaci ya ji an yayata cewa malaminsa yana ceton 'yan Sawaba, aikinsa ya tafi. Ruwa dai bai yi tsami banza ba: an yi dare, an yi takarda, an yi suna. Ma'anar ce kawai ta juye a hanya tsakanin zauren dagaci da ɗakin amarya.

Sakamakon zaɓen bai yi kama da hirar kowace rumfa ba. 'Yan tauraro sun yi ta cewa ranar Asabar mulkin rawani zai ƙare. NEPU ta sami ƙuri'a kimanin dubu ɗari biyar, amma kujeru 8 kacal, Malam Aminu yana cikin waɗanda suka ci. NPC ta tashi da 134, NCNC 81, Action Group 73, waɗanda 25 daga cikinsu a Arewa ta same su, akasari a yankunan da ba na Hausawa ba. Gwamna Janar Sir James Robertson ya kira Tafawa Ɓalewa ya kafa gwamnati, NCNC ta shiga ƙawance da NPC, Awolowo ya zama jagoran 'yan hamayya. Ta haka NEPU, saboda ƙawancenta da zakara, ta wayi gari a ɓangaren gwamnati a majalisar Ikko, gefe ɗaya da mutanen da 'ya'yanta suka sha ɗauri a hannunsu. Manya sun zauna a benci guda cikin 'yan kwanaki. A gidanmu zanar ta shekara shida da wata ɗaya.

Abin da ya kawar da ita shi ne labarin safiyar 15 ga Janairu, 1966, cikin watan azumi, da aka ji sojoji sun kashe Sardauna a Kaduna. Kakana, wanda ya shekara goma yana sukar mutumin, ya ce da magariba ta yi sai ya ga ba zai iya shan ruwa shi kaɗai ba. Ya ɗauki kwanon kununsa ya zagaya ta waje ya shiga zauren Yaya, ya ce, "Yaya, ya haƙuri?" Ba su tayar da maganar takarda ba ran nan, kuma har Yaya ya rasu ba su tayar ba. Kakata ta ce ta gaya wa mijinta gaskiya bayan an yi sadakar arba'in, ya yi shiru, ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, bai sake ambatar zancen ba. Wannan ne abin da ya ce mini ya manta. Ita kuwa sai a 1979 ta fara jefa ƙuri'ar zaɓen shugaban ƙasa, kuma da na tambaye ta wa ta zaɓa, ta ce ai an ce sirri ne.

A kundin da na miƙa, duk wannan ya zama sakin layi biyu a babi na huɗu, ƙarƙashin taken hanyoyin sadarwa na gargajiya, domin ban san yadda ake sa wa kakata lambar madogara ba. Bayan an gama jarrabawa na koma wajen kakana don in cike wani giɓi: ina so in san ranar da jirgin ya sauka a garinsu, ko zan dace da ita a tsofaffin jaridu. A hirarmu ta farko ya siffanta mini shi dalla-dalla, ƙararsa, da guguwar da ya tayar, da yadda ya ɗebe hulunan mutane, da akuyar da ta tsinke igiya ta faɗa rijiya.

"Alhaji, ran nan wace rana ce? Kafin kasuwa ko bayanta?"

Ya gyara zama, ya daɗe yana kallon ƙofar zaure.

"Amarya, ai a garinmu bai sauka ba. A garin gaba aka ce ya sauka. Yaron shagona ne ya je, shi ma da ya isa ya tarar ya tashi."