Auna Hasken Ɗaki da Kyamarar Fim ta Dā

Auna haske shi ne ƙayyade yawan hasken da zai faɗa kan zaren fim a lokacin ɗauka. Idan ya yi yawa hoton ya koɗe, idan ya yi kaɗan fuskoki su nutse cikin duhu. A kyamarorin da aka yi aiki da su a Arewacin Najeriya kafin zuwan bidiyo, abu uku ne ke yanke wannan hukunci: faɗin idon kyamara, tsawon lokacin da marfin cikinta ke buɗewa, da kuma saurin da fim ɗin kansa ke kama haske, wanda ake rubutawa a jikin gwangwani da lambar ASA.

Na biyun kusan a ɗaure yake. Fim mai sauti na tafiya da hoto 24 a daƙiƙa, marfin kuma faifai ne mai juyawa da ke rufe kusan rabin lokacin, don haka kowane hoto na samun kimanin kashi 1 cikin 48 na daƙiƙa. Mai hoton kati na iya cewa a tsaya cak ya bar marfi a buɗe, mai fim ba shi da wannan gata. Sai ido: lambobinsa su ne 2, 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16, kuma duk matakin da aka hau ana rage rabin hasken.

Kamfanin Kodak ya fito da fim mai faɗin milimita 16 a 1923, kyamarar Bolex H16 ta Suwizalan ta biyo baya a 1935. A shekarar ce aka fara sayar da Kodachrome mai launi, wanda saurinsa bai wuce ASA 10 ba. Lissafin da masu sana'ar suka haddace shi ne, fim mai ASA 100 a ido 2.8 na bukatar haske kimanin lux 1,000 (lux shi ne ma'aunin ƙarfin haske). Mai ASA 10 kuwa sai an ninka masa sau goma. Ranar tsakiyar bazara na kaiwa lux 100,000. Ɗakin ƙasa irin na ƙauyukan Batsari da Safana, mai ƙofa ɗaya da 'yar taga kamar tafin hannu, da ƙyar ya ba da ɗari. Tsakanin tsakar gida da ƙuryar ɗaki ke nan akwai tazarar mataki goma ko fiye, alhali taku uku ne da ƙafa.

Da irin waɗannan kaya fim ya samu gindin zama a ƙasar Hausa. A 1939 Ingila ta kafa sashen fina-finai na ƙasashen da take mulka, ƙarƙashin William Sellers, tsohon jami'in kiwon lafiya a Najeriya. Daga 1941 sashen ya riƙa aika wa jami'ai kyamara da ɗanyen fim, su ɗauka, a mayar Landan a wanke. Wannan shi ya sa aikin ya zama na masu haƙuri: mutum ya saita ido yau, ba zai san ko ya dace ba sai bayan makonni, lokacin da taron ya daɗe da watsewa. An buɗe makarantar horar da masu ɗauka a Akara a 1948, aka kafa sashen fim na Najeriya a 1949, daga baya Jihar Arewa ta sami nata a Kaduna. Daga can ne fina-finan majigi suka riƙa fitowa, ciki har da Baban Larai, na koyar da noman auduga, wanda aka ɗauka a Daudawa cikin lardin Katsina a shekarun 1950.

Inda babu lantarki, dabara ɗaya ce mai arha: a kawo ɗaki wurin rana, ko a kai rana cikin ɗaki. A zaunar da mutum a bakin zaure, ko a tsayar da yaro da allo mai sheƙi ya karkata hasken ciki. Idan an samu janareta da fitilu, wata rigimar ta taso, domin ƙwan fitila haskensa ja-ja ne, na rana kuma ya fi karkata ga shuɗi. Akwai fim na rana, akwai na fitila, kuma gilashin da ake ɗora wa na rana don ya karɓi hasken fitila yana cinye mataki biyu cur.

Ma'aunin haske na hannu, irin wanda kamfanin Weston ya fara sayarwa a 1932, ya rage kirdado amma bai kawar da shi ba. An gina shi ne ya ɗauki komai a matsayin toka-toka. A nuna masa dattijo baƙi cikin farar babbar riga da rawani, sai rigar ta ruɗe shi ya ce a tsuke ido, fuskar ta ɓace. Gwani yakan matsa kusa ya auna hasken da ke sauka a kan fuskar, ya bar rigar ta ji da kanta. A ganin mai wannan rubutu, a nan ake bambanta mai ɗauka da mai riƙe kyamara kawai.

Sauƙi ya zo a makare. Tsarin fim na Super 8 na 1965 ya zo da akwatin fim mai tsaga da ke gaya wa kyamara saurinsa, a 1971 kuma Kodak ya fitar da Ektachrome 160 tare da kyamarorin da ke iya ɗauka da hasken ɗaki. Adamu Halilu ya yi Shehu Umar a 1976, Sadiq Balewa ya yi Ƙasarmu Ce a 1991, duk a kan zaren fim. Amma tsadar fim da wanki ta riga ta fi ƙarfin aljihu bayan faɗuwar naira. Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, da kyamarar bidiyo aka ɗauke shi, wadda ke saita idonta da kanta ta kuma nuna sakamako nan take.