Gloria Molina da Siyasar Shata Mazaɓu a Los Angeles, 1975–2014

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin rayuwar siyasa ta Gloria Molina (1948–2023), 'yar asalin Maksiko haifaffiyar Jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, wadda ta fara da fafutikar kare haƙƙin matan unguwa, ta ƙare a ɗaya daga cikin kujeru mafi ƙarfi a jihar. Abin da takardar za ta yi ƙoƙarin nunawa shi ne, hawanta ya dogara ne a kan abubuwa biyu da suka tafi kafaɗa da kafaɗa, watau haɗin kan talakawan unguwanni, da kuma hukunce-hukuncen kotu da suka tilasta sake shata iyakokin mazaɓu.

2.0 Mafarin Gwagwarmaya

Molina ita ce babba a cikin 'ya'ya goma na wani gida na ma'aikata. A cikin shekarun 1970 ta shugabanci ƙungiyar mata 'yan asalin Maksiko mai suna Comisión Femenil Mexicana Nacional. A 1975 ne wannan ƙungiya ta tsaya wa waɗansu mata goma da suka kai ƙarar likitocin babban asibitin gundumar Los Angeles, bisa zargin an ɗaure musu mahaifa ba tare da cikakken saninsu ba. Yawancinsu ba su jin Ingilishi, kuma an miƙa wa waɗansunsu takardar amincewa ne suna cikin naƙuda. Wannan ƙara ita ce aka sani da Madrigal da Quilligan. A 1978 alƙali ya ba likitocin gaskiya. Duk da haka ƙarar ba ta faɗi ƙasa banza ba, domin ta sa an fara buga takardun amincewa da harshen Sifaniyanci, an kuma ƙarfafa ƙa'idar jinkirta irin wannan tiyata har sai mace ta sami lokacin yin tunani.

Bayan wannan, Molina ta koyi aikin gwamnati daga ciki. Ta yi aiki a ƙarƙashin ɗan majalisa Art Torres, sa'an nan a fadar Shugaba Jimmy Carter, daga baya kuma a ofishin Willie Brown, Kakakin Majalisar Wakilai ta Kalifoniya.

3.0 Kujeru Uku

A 1982 ta nemi kujerar mazaɓa ta 56 a Majalisar Wakilai ta jihar. Yawancin jiga-jigan siyasar gabashin Los Angeles sun fi son Richard Polanco, amma ta kayar da shi a zaɓen fid da gwani na jam'iyyar Dimokurat, ta zama mace ta farko 'yar asalin Latin Amurka a majalisar dokokin jihar. A can ne ta haɗa ƙarfi da ƙungiyar Iyaye Mata na Gabashin Los Angeles wajen adawa da shirin Gwamna George Deukmejian na gina kurkuku kusa da unguwanninsu. An yi shekaru ana ja-in-ja, har aka yi watsi da shirin a 1992.

Kujeru biyun da suka biyo baya sun samu ne ta hanyar shari'a. A 1985 Ma'aikatar Shari'a ta tarayya ta kai ƙarar birnin Los Angeles a kan yadda ya rarraba ƙuri'un 'yan asalin Latin Amurka. Birnin ya sake shata iyakoki, a 1987 kuma Molina ta ci sabuwar mazaɓa ta ɗaya a majalisar birni.

Al'amarin gunduma ya fi wannan girma. Mutum biyar kaɗai ke mulkin gundumar Los Angeles, wadda a ƙidayar 1990 take da mutane kusan miliyan 9, fiye da sulusinsu 'yan asalin Latin Amurka. Amma tun 1875 babu ko ɗaya daga cikinsu da ya zauna a wannan majalisa. A ƙarar Garza, alƙali David Kenyon ya yanke hukunci a 1990 cewa da gangan aka tsattsaga unguwanninsu a taswirar 1981 domin kare kujerun masu ci, abin da ya saɓa wa Dokar 'Yancin Zaɓe ta 1965. Aka fito da sabuwar mazaɓa, kuma a watan Fabrairun 1991 Molina ta kayar da tsohon maigidanta, Art Torres. Ita ce mace ta farko da aka zaɓa a wannan majalisa.

Ta riƙe kujerar har 2014, lokacin da dokar ƙayyade wa'adi ta hana ta sake tsayawa. Babbar rigimarta a wannan zamani ta shafi asibitin nan da aka kai ƙara a 1975. Da aka zo sake gina shi, ta dage a kan gadaje 750, abokan aikinta suka tsaya a 600, kuma nasu ra'ayin ne ya rinjaya. An buɗe sabon ginin a 2008.

4.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa yawan jama'a kaɗai bai ba 'yan asalin Latin Amurka wakilci ba, muddin alƙalamin shata mazaɓu yana hannun masu cin moriyar tsohuwar taswira. Haka kuma hukuncin kotu ƙofa kawai ya buɗe. Wadda ta shiga ita ce wadda ta shafe shekaru fiye da goma sha biyar tana tara magoya baya gida-gida. Tarihin asibitin kuwa ya nuna iyakar wannan nasara, domin ƙuri'a ɗaya ce cikin biyar. Molina ta rasu ranar 14 ga Mayu, 2023, kuma a shekarar ne aka sanya wa babban dandalin shaƙatawa na tsakiyar Los Angeles sunanta.