Tarihin Lissafin Yaɗuwar Jama'a da Matsalar Auren Mace Fiye da Ɗaya

A shekarar 1202 wani masanin lissafi na ƙasar Italiya, wanda aka fi sani da Fibonacci, ya kawo wata tambaya game da zomaye. Idan namiji da tamace suna haifar namiji da tamace kowane wata, 'ya'yan kuma su fara haihuwa bayan wata biyu, nawa za su zama a ƙarshen shekara? Daga nan ne aka sami jerin lambobin nan, 1, 2, 3, 5, 8, 13, inda kowace lamba take jimlar biyun da suka gabace ta. Abin lura a nan shi ne, lissafin ya ɗauka cewa kowane namiji mace ɗaya gare shi.

Waɗanda suka biyo bayansa ba su ma sa aure cikin lissafinsu ba. A 1798 Thomas Malthus na Ingila ya ce jama'a tana iya ninkawa cikin shekara 25 muddin babu abin da ya tare ta. A 1838 Pierre Verhulst na Beljiyam ya sa wa wannan yaɗuwa iyaka, gwargwadon abin da ƙasa za ta iya ciyarwa. A 1911 Sharpe da Lotka suka shigar da shekarun mutane cikin lissafin, amma jinsi ɗaya kaɗai suka bi. Daga bisani masana suka saba da bin mata, domin ya fi sauƙi a san shekarun uwa a lokacin haihuwa.

Aibin wannan hanya ya bayyana ne a Faransa, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya cinye mata maza fiye da miliyan ɗaya. Robert Kuczynski ya auna shekarun 1920 zuwa 1923, ya tarar kowace mace tana barin magajiya 0.977, alhali kowane namiji yana barin magaji 1.194. Watau lissafin mata ya ce ƙasar tana raguwa, na maza ya ce tana ƙaruwa. Hannu ɗaya dai ba ya ɗaukar jinka. Saboda haka Karmel a 1947, da Pollard a 1948, da Kendall a 1949, suka shiga neman ƙa'idar da za ta haɗa jinsin biyu, ta nuna yawan haihuwa bisa yawan maza da yawan mata tare.

Duk da haka, galibin waɗannan ƙa'idoji sun tsaya a kan miji ɗaya mace ɗaya. A 1986 Caswell da Weeks suka sa wani ma'auni a cikin lissafin, wato adadin matan da namiji ɗaya yake iya riƙewa. Sakamakon a fili yake: inda namiji yake iya auren mata da yawa, ƙarancin maza ba ya rage haihuwa sosai, yawan mata shi ne linzamin yaɗuwar jama'a.

Saura tambayar da ta fi shafar Afirka ta Yamma, har da ƙasar Hausa: daga ina ake samun matan? Mutane da yawa suna zaton mata sun fi maza yawa nesa ba kusa ba. Ƙidaya ba ta goyi bayan wannan zato ba, domin a kusan ko'ina ana haifar maza kimanin 105 a kan kowace mata 100. Gilles Pison, wanda ya yi bincike a kudu maso gabashin Senegal, ya bayyana a 1986 cewa asirin yana cikin tazarar shekaru tsakanin miji da mata, da kuma saurin sake auren zawarawa.

Alal misali, a ɗauka jama'a tana ƙaruwa da kashi 3 cikin ɗari a shekara, maza suna aure a shekara 30, mata a shekara 20. 'Yan shekara 20 an haife su ne shekara goma bayan 'yan shekara 30, lokacin da haihuwa ta ƙaru da kimanin kashi 34 cikin ɗari. Ko an cire rinjayen maza a haihuwa, za a sami 'yan mata kusan 128 a gaban samari 100, tun ba a lissafa mazan da suka mutu cikin shekaru goman nan ba.

Wannan lissafi yana da darasi ga masu tsara manufofin ƙasa. Idan haihuwa ta ragu, ko 'yan mata suka daɗe a makaranta har tazarar shekarun ta tsuke, rarar nan za ta ragu. A lokacin, ko dai masu mace fiye da ɗaya su ragu, ko kuwa samari su daɗe a tuzuranci. Ma'aikacin da zai yi hasashen yawan gidaje da azuzuwa da asibitocin haihuwa, wajibi ne ya nemi ƙidayar da ta rubuta shekarun miji, da shekarun kowace matarsa, da adadinsu.