Tsaron fasinja a cikin mota: abin da injiniyoyi suka gano da yadda ya shafi matafiyan Garwa

Babbar hanya mai lamba 1 ita ce jijiyar arewacin Kamaru. Daga Ngaundere, inda layin dogo ya ƙare, tana gangarowa ta Falaise daga tudun Adamawa mai tsayin sama da mita 1,000 zuwa kwarin Binuwai, ta ratsa Garwa, ta wuce Marwa da Mora har Kuseri a bakin iyakar Chadi. A kanta ne bas-bas na fasinja, da tirelolin da ke kai kaya Njamena daga tashar jiragen ruwa ta Duwala, da motocin auduga na Sodecoton, da babura suke gogayya dare da rana.

Idan hatsari ya auku, akan yi maganar direba da gudu da ramuka, ba a cika maganar motar kanta ba. Alhali akwai wani fanni na aikin injiniya da ya shafe sama da shekara 80 yana bin tambaya ɗaya: in karo ya riga ya faru, me ke sa wani ya fito da ƙafarsa, wani kuma a ɗauko gawarsa daga mota ɗaya? Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya kowace shekara, kuma in aka kwatanta da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowane yanki asara, da mutum 19 cikin kowane 100,000.

Karo uku a cikin karo ɗaya

Masu wannan bincike sun raba kowane hatsari gida uku. Na farko, mota ta bugi wani abu ta tsaya. Na biyu, jikin fasinja, wanda ke ci gaba da tafiya da gudun da motar take yi, ya bugi sitiyari ko gilashi ko kujerar gabansa. Na uku, ƙwaƙwalwa da zuciya da hanta su bugi ƙasusuwan da ke kewaye da su. Duka ukun suna ƙarewa cikin kusan kashi ɗaya bisa goma na sakan.

Karo a gudun kilomita 50 cikin awa daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10. In gudun ya ninka zuwa 100, ƙarfin bugun yana ninkuwa sau huɗu, kamar faɗowa daga mita 40. A irin karon farko, jikin mutum na iya yin nauyin da ya ninka nasa sau 30. Ke nan yaro mai kilo 10 da ke kan cinyar uwarsa zai fizge da nauyin buhu uku na masara. Babu hannun da zai iya riƙe shi.

Saboda haka aikin injiniya ya ta'allaƙa ne a kan abu uku: a tsawaita lokacin tsayawar jiki ko da da ƙiftawar ido ne, a rarraba bugun a kan ƙasusuwa masu ƙarfi, sannan a hana ɗakin da fasinja ke zaune ya murƙushe.

Waɗanda suka share fage

A 1942 Ba'amurke Hugh DeHaven ya wallafa nazari kan mutanen da suka faɗo daga dogayen gine-gine suka rayu. Ya nuna cewa jikin ɗan Adam na jure bugu mai tsanani muddin abin da ya faɗa a kai ya lotsa. A watan Disamban 1954, likitan sojan saman Amurka John Stapp ya sa aka ɗaure shi a kan wani keke mai roka da ya kai gudun kilomita 1,017 cikin awa, aka tsayar da shi cikin ƙasa da sakan ɗaya da rabi. Ya jure ƙarfin da ya ninka nauyinsa sau 46, ya rayu, saboda a ɗaure yake da kyau.

A Jamus, injiniyan Mercedes-Benz Béla Barényi ya samu rajistar wata dabara a 1952: a ƙera gaba da bayan mota yadda za su naɗe kamar gwangwani su shanye bugu, tsakiya kuma ta kasance da tauri. A Suwidin, Nils Bohlin na kamfanin Volvo ya fito da bel mai maɗauri uku a 1959, wanda ke ratsa ƙirji da ƙugu. Volvo ya bar sauran kamfanoni su yi amfani da dabarar kyauta. Jihar Victoria ta Ostareliya ce ta fara tilasta ɗaura bel a 1970.

Kayan kariya da yadda suke aiki

Gaban mota da ya naɗe bayan hatsari alama ce ta cewa ya yi aikinsa. Mutane kan yaba tsohuwar mota mai "ƙarfe na gaske" wadda ba ta lotsa, amma bugun da ƙarfe ya ƙi shanyewa, jikin fasinja ne ke shanye shi.

Bel, wanda masu Faransanci ke kira ceinture, yana riƙe mutum a ƙugu da kafaɗa, ya hana shi fita ta gilashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana rage haɗarin mutuwa da kusan rabi. Na baya ma sai ya ɗaura, domin in bai ɗaura ba shi ne zai faɗo kan na gaba. Mace mai juna biyu ita ma za ta ɗaura, sai dai igiyar ƙasa ta bi ta ƙarƙashin ciki.

Jakar iska da ke ɓoye cikin sitiyari tana kumbura cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa ashirin na sakan. An tsara ta ne don wanda ya ɗaura bel. Wanda bai ɗaura ba, ko ƙaramin yaro a kujerar gaba, tana iya yi masa mummunan rauni. Matashin kai da ke saman kujera kuwa don wuya aka yi shi, idan an bugi mota ta baya. Saman sa ya kamata ya yi daidai da saman kan mai zama.

Yadda ake gwada mota

A ɗakunan gwaji ana zaunar da mutum-mutumi mai ɗauke da na'urorin awo a kai da wuya da ƙirji da cinya, a buga motar da bango, a karanta abin da ya same shi. Wanda aka fi amfani da shi, Hybrid III, kamfanin General Motors ne ya ƙera shi a 1976 da siffar matsakaicin namiji. Wannan ya bar giɓi: wani bincike na Jami'ar Virginia a 2019 ya gano cewa a karon gaba, mace mai ɗaure da bel ta fi namiji fuskantar mummunan rauni da kashi 73 cikin 100. Shi ya sa yanzu ake ƙera mutum-mutumi mai siffar mace, kamar wanda injiniya Astrid Linder ta jagoranci yi a Suwidin.

Tun 1997 shirin Euro NCAP ke ba motocin Turai tauraro daga sifili zuwa biyar. A 2017 ƙungiyar Global NCAP ta fara gwada sababbin motocin da ake sayarwa a Afirka ta Kudu, wasu kuma ba su samu ko tauraro ɗaya ba. A 2020 ta haɗa karo tsakanin sabuwar Nissan NP300 Hardbody ta kasuwar Afirka da tsohuwar Nissan Navara ta 2015 da aka ƙera wa Turai. Ɗakin direban sabuwar ya murƙushe, awon kuma ya nuna da wuya direbanta ya rayu, yayin da na tsohuwar zai iya fita da ƙafarsa.

Darasin wannan gwaji ya shafe mu kai tsaye, domin yawancin motocin da ke yawo a Garwa da Marwa da Yola na hannu ne. Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kashi 40 cikin 100 kuma Afirka suka nufa. Motar hannu na iya fin sabuwa tsaro, amma fa in kayan kariyarta na nan kuma suna aiki.

Inda kariyar ke zubewa

Kowace mota an gwada ta ne da adadin mutane da nauyin kaya da aka ƙayyade. Da zarar an sauya lissafin, sakamakon gwajin ya daina aiki.

Ƙarin benci: idan mai walda ya ƙara kujera a cikin ƙaramar bas, ba ta da bel, kuma ƙafafunta na iya tsinkewa daga daɓen mota a lokacin karo, ta tafi da mutanen da ke kanta. Haka fasinja biyu a kujerar gaba ɗaya: bel ɗaya ne, na mutum ɗaya.

Lodi a kan rufi: buhunan gyaɗa da albasa da babur a saman kariya suna ɗaga tsakiyar nauyin mota sama, su sa ta saurin kifewa a kwana. Akwai ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 66 da ke gwada ƙarfin jikin manyan bas idan sun kife, amma ba da tulin kaya a sama ake gwajin ba. Nauyi kuma na cin birki. A doguwar gangara irin ta Falaise, birkin da aka daɗe ana takawa yana zafi ya daina kamawa. Maganinsa shi ne saukowa da ƙaramin giya.

Gyaran bayan hatsari: ƙarfen gaban mota da ya naɗe, in aka gasa shi aka miƙar, ba zai sake shanye bugu kamar da ba. Jakar iska sau ɗaya take fashewa, kuma akan rufe gurbinta a sayar da motar haka. Ga yadda ake ganewa: in an kunna makulli, fitilar jakar iska a gaban direba za ta kama na 'yan sakanni ta mutu. In ba ta kama sam ba, ko ta ƙi mutuwa, akwai matsala. Zafi da laima ma na lalata wasu. Su ne suka sa sinadarin jakunkunan kamfanin Takata ya riƙa fashewa yana watsa ƙarfe, har aka janye miliyoyin motoci a duniya, kamfanin ya karye a 2017.

Man fetur a cikin fasinja: tankin mota an sa shi a wurin da bugu ba ya saurin kaiwa. Jarkar zuwa-zuwa da aka cusa a ƙarƙashin kujera ba ta da wannan kariya. A ranar 27 ga Janairun 2021, a gangaren Dschang da ke yammacin Kamaru, wata bas ta yi karo da motar da ke ɗauke da mai, wuta ta tashi, aƙalla mutum 53 suka mutu.

Zafi, girgiza da gajiya

Injiniyoyi na haɗa jin daɗin zama da tsaro a bincike ɗaya, domin direban da ya galabaita ba ya saurin taka birki. A Garwa zafin Maris da Afrilu na wuce digiri 40. Wani bincike da aka wallafa a mujallar Pediatrics a 2005 ya gano cewa motar da aka ajiye a rana zafin cikinta na ƙaruwa da kusan digiri 22 cikin awa ɗaya, mafi yawansa a rabin awar farko, kuma ɗan sassauta gilashi ba ya hana hakan. Kada a bar yaro a cikin mota a kulle ko da don shiga kasuwa a fito ne.

Girgiza ma an auna ta. Ƙa'idar ISO 2631 ta nuna cewa jikin mai zama ya fi jin girgizar sama da ƙasa mai maimaituwa sau 4 zuwa 8 a sakan, irin wadda ake sha a hanyar burji mai ƙunya-ƙunya. Daɗewa cikinta na da alaƙa da ciwon baya ga direbobi. Lilo a hankali, kamar sau ɗaya cikin sakan biyar, shi ke kawo jiri da amai. Shokozoba da ta mutu tana ƙara girgiza, tana kuma sa taya ta riƙa tsalle maimakon manne wa kwalta, abin da ke tsawaita tazarar birki.

Taya kanta tana tsufa ko ba a hau ta ba, zafi kuma na gaggauta hakan. A gefenta akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Manyan masu ƙera taya na ba da shawarar kada ta wuce shekara goma a ƙafar mota, komai kyan zanenta.

Abin dubawa kafin a tashi

Dokar hanya a Kamaru ta wajabta ɗaura bel da sa hular kwano, ta kuma wajabta kai mota visite technique. Ga fasinja da mai sayen mota, waɗannan ba sa buƙatar kanikanci:

Ka fizgi bel da ƙarfi. In yana da lafiya zai cije nan take.

Ka girgiza kujerar da za ka zauna. In tana motsi daga daɓe, nemi wata.

Yara su zauna a baya. Kujerar jarirai, a cewar Hukumar Lafiya ta Duniya, na rage mutuwarsu da kashi 71 cikin 100.

Kaya masu nauyi su kasance a ƙasa kuma a ɗaure, kada tukunyar gas ko jarkar mai ta shiga cikin mutane.

A kan babur babu ɗaki, babu bel, hular kwano ce kaɗai kariya, kuma sai an ɗaure igiyarta a haɓa take aiki.

Gudu kuwa shi ne ke yanke hukuncin ko duk waɗannan za su yi amfani. Gwajin karon gaba da Euro NCAP ya daɗe yana yi kafin 2020 a gudun kilomita 64 ne cikin awa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu na ƙara haɗarin mummunan hatsari da kashi 4. Fasinjan da ya ga allura ta haura 100 a tsakanin Garwa da Figil yana da hujjar cewa, "Malam direba, a sassauta mana."