Rage Harajin Kuɗin Shiga da Samar da Ayyukan Yi: Nazari a kan Jihar Kansas ta Amurka, 2012 zuwa 2017

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin da'awar cewa rage harajin kuɗin shiga yana haifar da guraben aiki. Ta ɗauki jihar Kansas a matsayin zakaran gwajin dafi, ta dogara da alƙaluman baitulmalin jihar da nazarce-nazarcen masana tattalin arziki. Matsayarta ita ce, sakamakon ragi ya rataya ne a kan wanda aka yi wa shi, da yadda aka cike giɓin da ya bari.

Gabatarwa

Masu wannan ra'ayi suna cewa in gwamnati ta bar wa ɗan kasuwa kuɗinsa, zai faɗaɗa harkarsa ya ɗauki ma'aikata, harajin sababbin ma'aikatan kuma ya mayar mata da abin da ta rasa. Arthur Laffer, wanda ya ba Shugaba Ronald Reagan shawara, shi ne aka fi sani da wannan hujja. Gwada ta a kan ƙasa guda yana da wuya, tunda babu wata Amurka ta biyu da za a auna da ita. Jiha kuwa tana da maƙwabtan da za a auna ta da su.

Dokar 2012

A watan Mayun 2012 Gwamna Sam Brownback, wanda shi ma Laffer ya ba shawara, ya sa hannu a dokar da ta sauke mafi girman haraji daga kashi 6.45 cikin 100 zuwa 4.9, mafi ƙanƙanta kuma daga 3.5 zuwa 3. Sashen da ya fi jan hankali shi ne wanda ya yafe haraji ɗungurungum ga kasuwancin da ake lissafa ribarsa a cikin kuɗin shigar mai shi. An yi kirdadon kimanin mutum 190,000 za su amfana, sai ga fiye da 330,000 sun nemi yafiyar.

A shekarar kuɗi ta 2014 abin da jihar ta tara daga wannan haraji ya ragu da kusan dala miliyan 700. A cikin 2014 kamfanonin Moody's da Standard & Poor's suka rage darajar jihar wajen cin bashi. Ayyukan yi sun ƙaru, amma ƙaruwar ba ta kai matsakaicin ta ƙasa baki ɗaya ba, kuma maƙwabciyarta Colorado ta yi wa Kansas fintinkau.

Tattaunawa

Ina waɗannan ɗimbin masu kasuwanci suka fito? Jason DeBacker da abokan aikinsa sun bi takardun haraji, suka wallafa sakamakon a 2019. Sun tarar cewa yawancin abin da ya faru sauya wa kuɗi suna ne kawai: abin da ake kira albashi jiya ya koma ribar kasuwanci yau. Akanta zai iya ajiye aikin albashi ya koma ɗan kwangila a ofishin da yake, jihar ba ta karɓi ko sisi daga hannunsa ba, sakatariyarsa kuwa ana ci gaba da cire mata. Ba a ɗauki ko mutum ɗaya aiki a nan ba.

Abu na biyu, a ganin mai wannan nazari, ya fi na farko nauyi. Gwamnatin tarayya tana iya rage haraji ta ci bashi ta toshe giɓi, amma doka ta wajabta wa Kansas daidaita kasafinta. Saboda haka ta kwashi kuɗi daga asusun gina hanyoyi, ta jinkirta zuba kuɗin fansho, sannan a 2015 ta ɗaga harajin sayayya daga kashi 6.15 zuwa 6.5, harajin da a lokacin ya hau har kan kayan abinci. Kwangilar hanya da aka dakatar ita ma aikin yi ce, ko da ba a lissafa ta a wurin yaƙin neman zaɓe.

Wannan bai nuna haraji ba ya tasiri ba. Christina Romer da David Romer sun nuna a 2010 cewa ƙarin haraji yana rage abin da ƙasa ke samarwa sosai. Sai dai Owen Zidar, a nazarinsa na 2019, ya raba ragin gida biyu: wanda aka yi wa kashi 90 na ƙasa a kuɗin shiga shi ne ke tafe da ƙaruwar aiki, wanda aka yi wa kashi 10 na sama tasirinsa kaɗan ne. Mai ƙaramin ƙarfi kasuwa yake kai rarar da ya samu, kuma ciniki ne ke sa mai shago neman yaro. Dokar Kansas ta karkata ne ga na sama.

Masu kare Brownback suna kawo faɗuwar farashin mai da na amfanin gona daga 2014, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma 'yan majalisar jihar, waɗanda mafi yawansu 'yan jam'iyyarsa ta Republican ne, ba su gamsu ba. A watan Yunin 2017 suka tsallake ƙin amincewarsa da rinjayen kashi biyu cikin uku, suka soke yafiyar, suka ɗaga mafi girman haraji zuwa kashi 5.7.